Kawu da Bakurmiyarsa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, da wanda aka kula da shi da wanda aka wulaƙanta. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu da hantsin wata Talata a Ƙauran Namoda, cikin makonnin nan da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, gari yana ta murna. Tsohon ɗan kasuwar goro ne. Ni ba marubuci ba ne. A aji biyu na sakandare na tsaya, na shiga tuƙin mota, yanzu kuma faci nake yi a tasha. Amma na zauna a tabarmar makokinsa na ga yadda ake mantawa da mutum tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Mutum zai zo ya tsuguna ya ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙan tsoho." A ɗaga hannu a shafa. Kafin tafinsa ya gama sauka daga fuskarsa ya juya wurin na kusa da shi: "Wai wa za a ba kwamishinan gona?" Haka aka wuni. An raba kujerun Gusau kaf a ƙofar gidan Kawu, har da na masu gadi. Wani dillali da ya ci tuwon gidan nan fiye da a ƙirga ya ce, "Allah Sarki, mutum mai haƙuri, sai dai ƙarshen rayuwa kai ya ɗan taɓu, ya koma hira da ganye." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Ban manta fuskarsa ba, kuma in ya ga wannan takarda ya san da shi nake.

Babban ɗan Kawu, wanda kowa ke kira Alhaji, shi ne a tsakiyar tabarma. Taubashina ne, tunda ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito. Dillalin hatsi ne, yana da motoci, yana da tumbi. Ya riƙe farin hankici yana dangwalar ido duk lokacin da mota mai kyau ta tsaya. In mai keke ne ya zo, hankicin yana aljihu.

Wanda na ga ya yi kuka na gaskiya wani tsohon Bafillace ne da ya taso tun daga Galadi a bayan babur. Bai zauna a tabarma ba. Ya yi addu'arsa a tsaye, ya dogara da sanda, sannan ya ce da ni, "Ina hakin nan nasa?" Na nuna masa da baki. Ga ta can a jikin bangon ƙofar gida, cikin tsakar rana, an jingina mata takalma. Tsohon ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Wa ya fid da ta?" Na waiwaya wajen tabarma. Ya bi idona har kan mai hankici. Ya girgiza kai, ya hau babur, ko ruwa bai sha ba.

Wanda bai san Kawu ba zai ce wane irin haki ne ake tambaya a gidan mutuwa. To bari in faɗa.

Shuka ce ta cikin ɗaki. Ganyenta faɗin faifai, wani ya fi haka, kore shar mai sheƙi, a tsattsage tun daga baki kamar yatsun hannu, ga kuma huji-huji kusa da jijiyar tsakiya. Duk baƙon da ya fara ganinta cewa yake fara ce ta ci ta, ko yara suka yaga. Saiwoyi suna fito mata daga jiki suna reto kamar igiya. Wani malamin makarantar kimiyya ya taɓa leƙowa ya ce sunanta filodandiron ko mene ne. Kawu ya ce masa, "Kai ka sani. Ni Bakurmiya nika ce mata, tunda daga kurmi ta fito, kuma tana amsawa."

Shekarar da aka sauke tutar Bature ya zo da ita. Lokacin yana bin jirgin ƙasa da shanu zuwa Ikko, ya dawo da goro. A wani gida a Shagamu ya gan ta tana hawan bango, ya roƙi mai gidan ya yanka masa gaɓa guda. Ya naɗe ta da ganyen fita, ya cusa cikin huhun goro, ta sha tafiyar tarago har Ƙaura, inda dogo ya ƙare. Abokan sana'arsa suka ce ba ta kai sallah. Ta binne yawancinsu.

Yadda ya riƙe goro haka ya riƙe ta, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Goro ba ya son rana, ba ya son ya bushe, ba ya son ya jiƙe. Ya ce ita ma haka. Ɗakinsa shigifa ce ta ƙasa mai sanyi, kusa da zaure, tagarta tana duban gabas. Nan ya ajiye ta, taku biyu daga tagar, ta sha hasken safe, kafin rana ta yi ƙarfi inuwar darbejiya ta rufe. Tsohuwar randa ya huda wa gindi ya dasa ta a ciki, ya ɗora a kan tubala don ruwa ya wuce. Ƙasar ma haɗa ta yake kamar mai haɗa yaji: ruɓaɓɓen ganye daga gindin tsamiya, yashin gulbin Gagare, gutsattsarin gawayi, da busasshen kashin shanu wanda ya shekara. Wannan na ƙarshe Bafillacen Galadi ke kawo masa a ƙunshe, Kawu ya ba shi goro. A kan kashin shanu abotarsu ta ƙullu, ta kuma fi ta masu riguna ƙarko.

Ya kafa mata turke a tsakiyar randa, ya naɗe shi da tsohon buhun algarara, yana jiƙa buhun don saiwoyin su kama su hau. Ran Juma'a kafin ya tafi masallaci yana bin ganyen ɗaya-ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, sama da ƙasa, yana tallafe da shi da tafin hagu kamar mai wanke wa jariri fuska. Da bazara, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa, sai ya guntsi ruwa ya fesa mata da baki, irin fesar da masu goro ke yi. Matarsa, wadda muke kira Iya, takan leƙo ta ce, "Malam, ni da nika dafa ma tuwo ba ka taɓa fesa min ba." Shi kuma ya ce, "Matso." Ta gudu tana dariya.

Ruwa kuwa sai ya tsoma yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In ya ji danshi, ko buta tana hannunsa sai ya ajiye. Yana da wata magana da na ji ta fi sau ɗari: "Abin da ƙishirwa ta kashe kaɗan na. So ka kashe sauran." In ganye ya yi rawaya sai ya ce, "Na yi mata yawa." In bakinsa ya bushe ya yi ƙasa-ƙasa sai ya ce, "Na yi mata rowa." Bai taɓa cewa laifinta ne ba. Shekarun fari, da rijiyoyi suka ja baya ana faɗa a bakin famfo, yakan yi alwala a kan kwano ya tara ruwan, in lokacin shanta ya yi ya ba ta. Mutane suka gani, suka riƙe wannan. Yatsan ne ba su gani ba.

Ya ba mutane da yawa gaɓa su dasa. Har Shinkafi an kai, har Zurmi garinmu. Ba wadda ta yi wata uku. In an zo an ce masa ta mutu, tambaya ɗaya yake yi: "Ina ka aje ta?" A ce tsakar gida, don ta sha rana. Sai ya ce, "Allah shi jiƙan ta," ya miƙa wa mutum goro.

Ni abin da ya yi mini ba zan iya biya ba. Ina tuƙin babbar mota, ina da mata, ina ganin duniya tawa ce, sai na kife da lodin albasa a hanyar Shinkafi. Ƙafata ta dama ta karye wuri biyu. Mai motar ya aiko a tambayi lafiyar motarsa. Matata ta tafi ganin gida, har yau tana gani. Kawu ya sa aka ɗauko ni a amalanke, ya kwantar da ni a kan gadonsa, shi ya koma zaure da tabarma, yana tsoho. Na yi watanni a ɗakin nan ba abin da nake gani sai rufi da Bakurmiya. Na zagi mai ɗori, na zagi Iya da ke kawo mini kunu, wata rana har shukar na jefa da kofi. Kawu ya shigo, ya ɗauki kofin, ya duba ganyen da na fasa. Sai ya juya randar kaɗan, ya nuna mini wani sabon ganye da ya fito a nannaɗe kamar tabarma.

"Ka gan shi? Kullum ka duba min shi. In ya buɗe ka kira ni."

Na ce, "Kawu, ni ƙafata ta dame ni, kai kana zancen ganye."

Ya ce, "Ƙafar ma ba ta ɗoruwa don kana zagin mutane. Duba min ganye."

Na duba. Ba ni da wani aiki. Ranar da ya warware na ƙwala masa kira har maƙwabta suka ɗauka wani abu ya same ni. Ya zo ya tsaya yana murmushi, ya ce, "Tau, ka ga ka yi kwanaki ba ka zagi kowa ba." A kwancen nan na koyi duk abin da na rubuta a sama, ba don na so ba.

Alhaji bai leƙo ni ba sai sau ɗaya, shi ma ɗakin ya zo dubawa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana auna bango da ido, ya ce, "Wanga ɗaki zai ci buhu da yawa."

Nan rigimar ta faro, kuma ta ɗauki shekaru. Gidan Kawu yana bakin hanyar kasuwar hatsi, mota tana iya tsayawa a ƙofarsa. Alhaji ya gina nasa gidan na siminti a bayan gari, ya ce tsoho ya koma can, an yi masa ɗaki da fanka. Kawu ya je ya duba. Ɗakin kwano ne ba silin, tagarsa tana duban yamma. Ya dawo ya ce ba ya zuwa.

Ina zaure ranar da suka yi ta. Alhaji ya ce, "Baba, don Allah mi ag ga wanga ɗaki? Ƙasa ta, gara na cin ta."

Kawu ya ce, "Can rana za ta kashe ta."

"Wa?"

"Ka san wa."

Alhaji ya yi tsaki. A gaban ubansa ya yi tsaki, ni shaida ne, kuma zan maimaita ranar da za a tambaye ni. Ya ce, "Mutane na yi min dariya cikin kasuwa. Ana cewa ubana ya auri haki. Ko 'ya'ya ba ta yi, ko miya ba a yi da ita, ko akuya ba ta ci."

Kawu ya ce, "Kai da ka yi 'ya'ya, ana miya da kai?"

Na yi dariya har da buga ƙafar da ta karye. Alhaji bai yafe mini dariyar nan ba, ni ma ban nemi ya yafe ba.

Da ya ga tsoho ba ya tashi, sai ya bi ta wata hanya. Ya ce buhu kaɗan ne za a ajiye, na kwana biyu, kafin mota ta zo. Aka jera a bango ɗaya. Mota ta zo ta tafi, buhuna suka ƙaru. Aka ci bango na biyu. Kawu mutum ne mai kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ya faɗa, balle ya kai ƙararsa. Ya matsa gadonsa, ya matsa randa, har ya zama daga shi sai ita sai 'yar hanyar wucewa. Ga ƙurar gero, ga ƙaiƙayi, ga warin maganin ƙwarin da ake sa wa wake, wanda ko ɗan dako sai ya ɗaure hanci. Tsumman Juma'a ya koma na kullum. Kawu yana goge ganye yana tari. Na ce masa ya bar ni in yi magana, ya ce, "Taubashinka na, in ka yi magana wasa za a ce. In ni na yi, baki za a ce. Bar shi."

Na yi maganar duk da haka, a tasha, a gaban mutane. Aka ce wasan taubasai ne, aka yi dariya, kamar yadda ya faɗa.

Likita ya ce tsufa ne da ciwon ƙirji. Ni ban yi karatun likita ba. Na dai san mutumin da ya yi shekaru yana tafiya masallaci da ƙafarsa, damina biyu da shigowar buhuna ya koma sai an riƙe shi. Safiyar da zai rasu na same shi a jingine, ya ce in tsoma masa yatsa a randa. Na ce da danshi. Ya ce, "Tau a bar ta." Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

Kafin mu dawo daga maƙabarta Alhaji ya sa 'yan dako sun fitar da ita. Wai manyan baƙi za su zo daga Gusau, ana son wurin da za su ɗan kishingiɗa su ci abinci, an rufe buhunan da zannuwa. Na same shi a gefe, na yi ƙasa da murya, na ce, "Yaya Alhaji, rana za ta ƙone ta. Bari in kai ta gidana."

Da ƙarfi ya amsa, don a ji. "Ka ji min ɗan Zurmi! Ba a yi uku ba ka fara rabon gado? Ɗan mace ba shi da ko allura cikin gidan ga. Kayan magada na, kar ka taɓa."

Gaskiya ya faɗa, ɗan 'yar'uwa ba ya gado. Na koma tabarma na zauna.

Sai ga abin da ban zata ba. Da azahar ta yi, wani dattijo ya ɗauki buta ya je ya tsuguna a bakin randar ya yi alwala a ciki, ya ce ai marigayi da ruwan alwala yake shayar da ita, a ci gaba, ladan ya kai masa. Nan take abin ya zama ibada. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya juye mata buta. Mata suna aiko yara da kwanoni daga cikin gida. An sauke randar a kan taɓo, hujin gindinta ya toshe, ruwa ya kwanta a sama har sauro yana sauka. Na tashi na ce su bari, kashe ta suke yi. Wani ya ce, "Subhanallahi, kai ko sadaka ba ka son ta kai ma kawunka?" Alhaji ya ce, "Ku ƙyale shi, baƙin ciki na, ba a ba shi ba." Ya karɓi buta shi ma ya juye, yana kallona.

Rana daga sama, ruwa daga ƙasa. Ran sadakar uku ganyen sun yi tabo fari-fari kamar an ɗiga musu tafasasshen mai. Ran bakwai sun yi baƙi, sun rataye a jikin turke. Ranar kuma aka kwashe gadon Kawu aka cike ɗakin da buhuna har rufi.

Ba ni na fara maganar ba, Allah ya sani. Daga cikin gida ta fito, wurin tsofaffin mata, ta bi masu tallar fura ta shiga kasuwa. Aka ce shukar da ta shekara talatin da wani abu ba ta taɓa yaushi ba, ta yi baƙi cikin mako ɗaya a ƙofar gida, duk da ruwan alwalar da ake ba ta. Aka ce wannan ba banza ba, tsoho ya tafi da fushin ɗansa. Mutane suka riƙa ratsowa ta ƙofar gidan don su gani da idonsu. Wasu suka zo har tasha suna tambayata, tunda an san na zauna da ita. Na san rana ce da ruwa. Na ce musu, "Ni mi na sani? Ɗan mace nike." Na ci gaba da facina.

A lokacin Alhaji yana neman a sa shi cikin waɗanda za a ba riƙon ƙaramar hukuma, yana ta kai da kawowa Gusau. A ƙasarmu ana yafe wa mutum cin amana, ana yafe masa tauye mudu, amma ba a son zama inuwa ɗaya da mai bakin uba. Manoma suka fara kai hatsinsu wurin wani dillali. Wani babba da ya yi masa alkawari ya daina amsa gaisuwarsa da kyau. Alhaji ya so ya jefar da randar, aka ce masa in ya jefar ya tabbatar. Ya ƙara mata ruwa, ya sa aka yi mata rumfa, ya zuba mata takin zamani. Ta ƙara lalacewa.

Iya ce ta aiko a kira ni. Tana cikin takaba, ta rame. Ta ce, "Ɗan nan, kai ka san hannunta. Ka taimaki ɗan'uwanka. Ni na haife shi, na san halinai, amma ni na haife shi."

Na ce, "Iya, don ke zan taɓa ta. Amma shi zai zo ya tambaya."

Ya zo tasha da la'asar, ya bar motarsa nesa. Ya tsaya a kaina ina cire taya. Ya ce, "Taubashi."

Na ce, "A'a, yau ni ne taubashi? Ba ɗan Zurmi ba?"

"Bar wasa. Nawa kaka so?"

"Ɗan mace ba shi da ko allura. Mi zan yi da kuɗinka?"

"Tau mi kaka so?"

Na ajiye ƙarfen hannuna. Na ce ba ta rayuwa ko'ina sai ɗakin da ta saba, taku biyu daga taga. A fitar da buhuna duka, a share, a ba ni makulli. Ya ce gobe zai turo yara. Na ce ba yara. Wanda ya ce a shigar shi zai fitar, da hannunsa, kuma ranar kasuwa.

Ya ce, "Kai mahaukaci na."

Na ce, "Gado na yi. Shi kaɗai aka bar min."

Ya tafi yana zagi. Kwana biyu ya dawo.

Wanda bai ga ranar nan ba an yi ba shi. Alhaji ya tuɓe babbar riga, daga shi sai shimi da wando, tumbi a gaba. Rabonsa da ɗaga buhu tun yana saurayi. Ban matsa masa ya ɗauka a ka ba, na ce ko ja ya yi na yarda. Na sa kujera a zaure na miƙe gurguwar ƙafata. 'Yan dakonsa suka jeru a bakin hanya hannu a ƙirji, masu zuwa kasuwa suka tsaya da jakunansu. Yana ja yana nishi, ƙaiƙayi ya manne masa a wuya, yana tari. Na ce, "Yaya Alhaji, tari kaka yi? Wuni ɗaya? Wani ya yi damina biyu." Mutane suka yi dariya, suka ce taubasai ba su da dama. Wannan karon na bar su su ce wasa ne. Shi ya san ba wasa ba ne. Da ya zauna a kan buhu yana haki na miƙa masa buta, na ce, "Sha. Amma kar ka yi yawa, yawa ka kashewa."

Sai bayan la'asar ya gama. Ya jefo mini makulli a ƙasa. Na ce ya ɗauka ya miƙo. Ya ɗauka ya miƙo.

Na kifar da randar a tsakar ɗaki. Wari ya tashi kamar na huhun da ya ruɓe. Saiwoyin da na sani farare masu ƙarfi sun zama baƙin kunu, suna narkewa a hannu. Na bi jikinta da wuƙa daga ƙasa ina yanka ina dubawa, duk ruɓa, duk ruɓa, har na kusa ƙarewa. A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba, na kuma rufe ƙofa don kada Alhaji ya gani. Can kusa da ƙoli na samu gaɓa ɗaya mai tauri, da ido ɗaya, da guntun saiwa. Abin da ya rage ke nan daga abin da ya cika rabin ɗaki. Na shafa wa yankan toka, na bar shi ya sha iska, na haɗa sabuwar ƙasa a ƙaramin kasko, na dasa.

Bayan arba'in ta yi toho. Ganye ya fito a nannaɗe, ya warware, faɗinsa bai kai tafin hannuna ba. Kuma lafiyayye ne sumul, ba tsaga ko ɗaya, ba huji. Alhaji ya zo da mutane biyu don su shaida, ya duba, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wagga ba ita ba ce! Ka musanya ta! Ina tsagar?"

Ita ce. Shukar da ta sha wuya ta koma ƙarama haka take farawa, ganyenta ba ya tsagewa sai ta yi ƙarfi ta kama turke ta hau, kuma wannan ba aikin wata ɗaya ba ne, ba na shekara ɗaya ba. Ban yi masa wannan bayani ba. Mutanen da ya kawo suka dubi juna, kafin magariba gari ya ɗauka: ta rayu, amma ta ƙi tsagewa, tsoho ya sassauta bai dai huce ba.

Kujerar an ba wani. Alhaji yana aiko direbansa duk Juma'a ya leƙa ta taga. Masu zuwa tasha suna tambayata ko Kawu ya yafe, ni kuma in ce ban sani ba, su je su duba ganye. Ina kwana a ɗakin yanzu. Ina tsoma yatsa, ina goge ta, ina ba ta haƙƙinta cif, ba zan cuce ta don kowa ba. Amma ba ni da abin da zan yi in sa ta sauri, kuma ko ina da shi ba zan yi ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabari, ya ba shi inuwa da iska mai tsabta, ya saka masa da abin da ya yi wa gurgu lokacin da kowa ya watse. Ya ba Iya haƙuri. Shi kuma taubashina, Allah ya ba shi tsawon rai, ya jira.